Izinin soja kafin baƙo ya sayi gida ko fili a Sifaniya

A wasu yankunan ƙasar Sifaniya, wanda ba ɗan ɗaya daga cikin ƙasashen Tarayyar Turai ba ne ba ya iya mallakar gida, gona ko fili sai da izinin Ma'aikatar Tsaro. Ana kiran wannan izini "autorización militar" a harshen ƙasar. Fasfon mai saye da wurin da filin yake su ne ke nuna ko ana buƙatarsa. Yawan kuɗin mutum ko daɗewarsa a ƙasar ba sa shiga lissafi.

Tushen ƙa'idar shi ne Doka mai lamba 8 ta ranar 12 ga Maris 1975, wadda aka kafa watanni kaɗan kafin mutuwar Janar Franco, sai kuma dokar zartarwa mai lamba 689 ta 1978 da ta fayyace yadda za a yi aiki da ita. Manufarta ita ce kada baƙi su tara ƙasa mai yawa a wuraren da sojoji ke ɗauka masu muhimmanci ga tsaro. Shi ya sa ta ƙayyade cewa abin da baƙi suka mallaka a irin waɗannan yankuna ba zai wuce kashi 15 cikin 100 na faɗin yankin ba, a wasu wuraren ma adadin bai kai haka ba.

Yankunan sun haɗa da tsibiran Kanari da na Baleyar, da kewayen Kartahena inda babban sansanin sojojin ruwa yake, da mashigin Jibralta, da gaɓar Kadis, da gaɓar Galisiya, da iyakokin ƙasar da Fotugal da Faransa. Biranen Ceuta da Melilla da ke gaɓar Afirka suna da nasu tsarin, wanda ya fi tsanani. Yankin Kartahena ya ƙetara har kudancin lardin Alikante, ya haɗa da garuruwa irin su Torrevieja da Orihuela, inda baƙi ke sayen gidaje sosai. Ƙananan hukumomin da abin ya shafa sun haura 1,500.

Shekaru da yawa ba a cika jin labarin dokar ba, domin an cire 'yan Tarayyar Turai daga cikinta, kuma su ne mafi yawan masu saye. Ta dawo bakin mutane a Janairun 2021, lokacin da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar, Turawan Ingila suka wayi gari suna neman takardar da ɗan Nijar ko ɗan Ghana ya daɗe yana nema.

Abin da ya fi ruɗa mutanenmu mazauna Sifaniya shi ne bambancin takardar zama da zama ɗan ƙasa. Ɗan Kamaru ko ɗan Chadi da ya shekara goma sha biyar yana aiki a Mursiya, yana biyan haraji, yana riƙe da katin zama na dogon lokaci, baƙo ne a idon wannan doka muddin bai karɓi shaidar zama ɗan ƙasa ba. Ƙaninsa da ya samu fasfon Faransa ko na Beljiyam, ko da bai taɓa kwana a Sifaniya ba, zai saya ba tare da izinin ba. Buɗe kamfani a ƙasar ma ba ya zama mafita, domin dokar ta shafi kamfanin da baƙi ke da fiye da rabin jarinsa. Ta kuma taɓa gado: baƙon da ya gaji fili a irin wannan yanki sai ya nemi izini, ko ya sayar.

Ba kowane gida a waɗannan yankuna ne ke buƙatar izinin ba. An keɓe cikin garuruwan da ba na kan iyaka ba, don haka gidan bene a tsakiyar birni galibi ba ya shiga. Inda ake cin karo da ita shi ne gona, da gidan ƙauye, da filin da ke wajen tsarin gari. Matsayin da hukuma ta ba filin a takarda ne ke yanke hukunci, kuma wannan ba abin da za a dogara da bakin dillali ba ne, tun da shi la'adarsa yake jira.

Takardun da ake nema ba su da yawa: kofin fasfo, taswirar filin da bayanin inda yake, da shaidar cewa mutum ba shi da tarihin aikata laifi, wadda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira casier judiciaire. Wannan ta ƙarshe ce ke cin lokaci. Dole a fassara ta zuwa Sifaniyanci ta hannun mai fassara da hukuma ta amince da shi, a kuma tabbatar da sahihancinta. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 hatimi ɗaya ya ishe su. Waɗanda ba su shiga ba, kamar Najeriya, sai takardar ta bi ta ma'aikatar harkokin waje sannan ofishin jakadancin Sifaniya. Bayan miƙa takardu, amsar kan ɗauki watanni.

Wannan jira shi ne ke jawo asarar kuɗi. A al'adar cinikin gida a Sifaniya, mai saye kan ba da kafin alƙalami, sau da yawa kashi 10 cikin 100 na farashin, a sa ranar kammala ciniki. Bisa tsarin da aka fi amfani da shi, wanda ke sashe na 1454 na kundin dokar farar hula, mai sayen da ya janye ya rasa abin da ya bayar, mai sayarwa kuwa idan shi ya janye sai ya mayar da ninki biyu. Jami'in da ke shaida cinikin, wanda ake kira notario, ko notaire a Faransanci, doka ta wajabta masa ganin izinin kafin ya sa hannu, haka ma ofishin rajistar gidaje da filaye. Idan ranar ta zo izini bai fito ba, kuɗin kafin alƙalami na cikin haɗari. Lauyoyi kan kauce wa haka ta hanyar rubuta sharaɗi a yarjejeniyar farko, cewa ciniki ya rataya ne a kan samun izinin, kuma za a mayar da kuɗi idan aka hana.

Turkiyya, wadda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka fi sani, tana da irin wannan ƙa'ida amma ta wata siga. A 2012 ta soke sharaɗin cewa sai ƙasar mai saye ta ba Turkawa irin wannan dama, ta kuma ƙayyade hekta 30 ga kowane baƙo a faɗin ƙasar, da kashi 10 cikin 100 na filayen masu zaman kansu a kowace gunduma. Dokarta mai lamba 2565 ta 1981 ta hana baƙi mallaka a yankunan soja kwata-kwata. A can ofishin rajistar filaye, wanda ke ba da takardar mallaka da ake kira tapu, shi ne ke binciken ko filin ya faɗa cikin yankin da aka hana kafin a rubuta sunan mai saye.