Gidajen Sabo: Daga Masaukin Fatake Zuwa Rabon Gado

A 1916 aka yanka wa Hausawan Ibadan wannan wuri da muke kira Sabo. Lokacin jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, shanu na gangarowa kudu, goro na hawa arewa. Duk wanda ya samu fili ya yi gini, to ba don wurin kwana kaɗai ya yi ba. Gidan shi ne jarinsa.

Falke zai sauka da shanunsa, mai gida ya ba shi ɗaki, matan gida su tuƙa masa tuwo, a adana masa kuɗi. Yaran mai gida su ne dillalai. In mahauci Bayarabe ya ɗauki sa bashi, mai gida ne ke tsayawa. Shi ya sa ake auna mutum da yawan ɗakunansa. Abner Cohen, mai binciken da ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta wannan a littafinsa na 1969.

Amma fa ranar da mai gida ya rasu, nan gizo ke saƙar. Shari'a ba ta bar duhu ba: in akwai 'ya'ya, matan su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a yi wa magaji. Sai dai lissafi daban, gini daban. Ɗaki goma sha biyu, magada ashirin, wasu na Kano, wasu na Sakkwato, ina za a sa wuƙa? Babban yaron gida da ya san fatake, ya san masu bashi, ba shi da ko ƙofa a rabon. Sau da yawa shi ke tafiya da baƙin, magada su tsira da bango.

Ciniki kuwa a da baki ne da shaidu, a gaban Sarki da malamai. Da dokar filaye ta 1978 ta zo, ƙasa ta koma hannun gwamna, sayarwa ma sai da amincewarsa. Ga shi Jihar Oyo ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati. In sulhun dattawa ya gagara, sai a ɗunguma zuwa kotun da ba za ta gamsu da "ai kowa ya sani" ba.

Yau 'yan canji da masu shaguna sun sa gaban titi ya yi tsada, sai wasu ke sayen tsohon gida su gyara su sayar. Wanda ba sana'arsa ba ce yakan ɗauka kamar cinikin rago ne kafin Layya. Na san wani bawan Allah da ya biya magada shida, ya zuba siminti, ya sauya kwano. Sai ga 'yar marigayi daga Zariya, wadda ba wanda ya ambata, da haƙƙinta kuwa. Ga wani tsoho a ɗakin zaure, wai marigayi ya ba shi kyauta, kuma tun da ransa ya shiga ya zauna, abin da malamanmu na Malikiyya ke cewa ya tabbatar da kyauta. Shekara huɗu ke nan kuɗinsa na kwance. Gidan na nan, rabi da fenti, rabi babu, tsohon kuma yana shimfiɗa tabarmarsa a ƙofa kullum bayan La'asar.