Asalin Sana'ar Haɗa Launin Fentin Mota

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota wurin mai fenti domin a rufe masa ƙarzon da ta samu a ƙofa, sa'an nan ya dawo ya tarar wurin da aka gyara ya fita daban da sauran jikinta kamar mahon sabon ƙyalle a tsohuwar riga, to ya ci karo da wata mas'ala wadda ta shafe shekara ɗari tana wahalar da masu sana'a da ma'abuta ilmi a Amurka da Turai, kuma bai kamata ya gaggauta hukunta mai fentin ba tun bai san inda al'amarin ya samo asali ba.

A farkon zamanin mota, wajejen 1900, masu fentin keken doki ne suka gaji aikin, suka kuwa zo da al'adarsu yadda take: a shafa fenti da buroshi, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har aikin mota guda ya ci makonni kafin ta fita. Sa'ad da Henry Ford ya tashi ƙera motarsa Model T da yawan da duniya ba ta taɓa gani ba, sai ya zaɓi fenti mai araha da ƙarko, daga 1914 zuwa 1925 ba ya fitar da ita sai baƙa. Saboda haka mai gyara a wancan lokaci ba shi da wata shubuha game da launi, tun da yake abin da ke gwangwaninsa shi ne abin da ke jikin galibin motocin da ke bisa hanya.

Sauƙin nan bai daɗe ba. Kamfanin DuPont, wanda asalin kasuwancinsa albarushi ne, ya fito da wani fenti mai suna Duco daga audugar da aka sarrafa da ruwan asid, wanda yake bushewa cikin sa'o'i, yake kuma karɓar launuka masu haske waɗanda fentin dā ba ya riƙewa. Kamfanin General Motors ya fara sa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya, mutane suka yi rububinta. Da yake saurin bushewarsa ya hana a shafa shi da buroshi, sai aka koma ga bindigar feshi, wadda ita ma tarihinta abin lura ne, domin wani likita ne a birnin Toledo, Allen DeVilbiss, ya ƙirƙiri na'urar fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya, ɗansa Thomas kuma ya mai da ita ta fesa fenti a 1907. Ford kansa ya sallama ya dawo da launuka a 1926, General Motors kuwa a 1927 ya buɗe sashe na musamman na zane da launi a ƙarƙashin Harley Earl, daga nan ya zama kowace shekara tana zuwa da nata launuka, na bara kuma a jingine su. A nan ne aka haifi sana'ar da muke magana a kanta, domin babu shagon da zai iya ajiye gwangwani ga kowane launi na kowace shekara na kowane kamfani.

Maganin da aka fara samowa shi ne rubutu. Kamfanonin fenti, irin su Ditzler na Detroit, wanda Pittsburgh Plate Glass ya saye a 1928, suka riƙa buga littattafai masu ɗauke da ƙananan samfurori na kowane launi tare da lambarsa da ƙa'idar haɗinsa, watau gwargwadon abin da za a auna na fari da baƙi da ja da rawaya daga 'yan launukan asali; masu ƙera motoci kuma suka riƙa buga lambar a wani ɗan ƙarfe ko takarda a bakin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. A zahiri mas'ala ta warware, amma a haƙiƙa lambar tana ba da labarin launin motar ne ranar da ta fito daga masana'anta, alhali kuwa motar da aka kawo gyara ta riga ta sha rana da ruwa da ƙura shekara goma ko ashirin. Hasken rana yana cin sinadaran launi, ja ne kuma ya fi saurin kasawa, har rufi da bonet su koɗe fiye da gefuna. Fentin da ba shi da mayafi a sama yana yin gari fari-fari. Mayafin nan mai sheƙi da ya yaɗu daga shekarun 1980 yakan ja zuwa rawaya idan ya tsufa. Bugu da ƙari, masana'antar kanta ba ta fitar da launi guda daidai wa daida daga wannan tukunya zuwa waccan, shi ya sa lamba ɗaya takan zo da ƙa'idoji biyu ko uku. Sinadarai masu dalma kuma, waɗanda aka yi rawaya da ja na dā da su, an bar amfani da su saboda cutarwarsu ga lafiya, ta yadda wanda yake neman launin tsohuwar mota a yau dole ya kai gare shi ta wata hanya dabam da wadda aka bi tun farko.

Mafi wuyar duka shi ne fenti mai ƙyalli, wanda ake zuba masa ƙananan ɓarɓashin alminiyam, domin launinsa bai tsaya ga abin da ke cikin gwangwani ba, ya rataya ne ga yadda ɓarɓashin ya kwanta. Idan aka ƙara iska, ko aka matsar da bindiga nesa, ko aka fesa shi da danshi, sai gwangwani guda ya ba da launi biyu, wanda ya yi daidai idan an dube shi gaba da gaba kuma ya saɓa idan an dube shi a karkace.

Malamai ba su zauna ba. Tun a ƙarni na goma sha ɗaya Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a cikin Kitabul Manaziri cewa launin da ido ke gani yana sauyawa gwargwadon hasken da ya sauka a kan abu da kuma abin da ke maƙwabtaka da shi, wannan kuwa ita ce illar da ke sa fenti biyu su dace a ƙarƙashin fitilar gareji su saɓa a rana. A 1905 Albert Munsell, malamin zane a Boston, ya kasa launi kashi uku: jinsinsa, da haskensa ko duhunsa, da ƙarfinsa ko rauninsa, a 1931 hukumar duniya mai kula da al'amuran haske ta kafa mizanin auna launi da lissafi, ta kuma inganta shi a 1976, daga ƙarshe aka kai ga na'urar hannu wadda ake ɗorawa a jikin mota ta karanta launin ta kusurwoyi da yawa, kwamfuta kuma ta nemo ƙa'idar da ta fi kusa. Fa'idarta babba ce, domin tana auna motar yadda take a yau; duk da haka abin da take bayarwa mafi kusa ne kawai, kuma manyan shagunan Turai da Amurka har yanzu sai sun fesa gwaji a kan kati, sun jira ya bushe, sun fita da shi hasken rana, kana su yarda.

A ƙasarmu mas'alar ta fi tsanani. Tun daga 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, zuwa zamanin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano bayan sun gama rayuwa guda a Turai, mai fenti a Panteka ko Ƙofar Ruwa yana karɓar motar da ranar bazara ta gasa, ƙurar hunturu ta kankare, wataƙila ma an sake mata fenti sau biyu kafin ta iso hannunsa, ta yadda lambar da ke bakin ƙofarta ba ta da sauran hujja. Gwaninsu yakan fara da wanke wuri guda ya goge shi sarai domin launin gaskiya ya bayyana, ya duba cikin murfin tanki ko bakin but inda rana ba ta kai ba domin ya san asali, ya ƙiyasta nisan da ke tsakanin asalin da abin da ke waje, sa'an nan ya riƙa ɗiga baƙi ko rawaya ko ja kaɗan-kaɗan, yana sane da cewa abin da aka zuba ba ya ciruwa, kuma ɗanyen fenti ba shi ne busasshe ba. Idan ya zo feshi ba ya tsayawa cak a bakin ƙarzon, sai ya baza sabon fentin yana sirantar da shi a kan tsohon har ido ya rasa iyaka, domin ya san ido yana yafe bambancin da ya zo a hankali, amma ba ya yafe layi.

Wannan ilmi ne, ko da ba a rubuta shi ba, kuma shi ne abin da Munsell ya tsara a takarda, mai fenti ya tsara a idonsa. Haƙƙin da ke kan mai mota shi ne ya ba gwani lokacin gwaji, kada ya matsa a haɗa masa launi da magariba ko a ƙarƙashin fitila, ya kuma biya ladan haɗin dabam da kuɗin gwangwani. Haƙƙin da ke kan iyayen gidan sana'a kuwa shi ne su koya wa yaransu karatun lamba da aikin ma'auni tare da horon ido, su kuma sa musu abin rufe hanci, domin tururin tina da fenti yana cin huhu sannu a hankali, sana'ar kuwa tana bukatar wanda zai daɗe a cikinta kafin idonsa ya nuna.