Hukumar Gasar Kasuwanci da Masu Kamun Ƙafa: Darasi daga Tarihin Afirka ta Kudu

A ƙasashe masu tasowa, sau da yawa kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwa, kuma su ne masu hanyar shiga ofishin minista. Saboda haka babbar matsalar hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ita ce yadda za ta tsare hukuncinta daga masu kamun ƙafa. Tarihin Afirka ta Kudu ya nuna hanya ɗaya.

A zamanin mulkin wariyar launin fata, dokar 1979 ta kafa hukumar gasa wadda aikinta bai wuce bincike da ba minista shawara ba. Watau duk kamfanin da ya shawo kan minista ya gama da hukumar. Dokar 1998 ce ta sake wannan tsari. Ta raba aikin gida uku: hukuma mai bincike, majalisa mai yanke hukunci a bainar jama'a, da kotun ɗaukaka ƙara. Minista da ƙungiyoyin ƙwadago suna da damar kawo hujjarsu, amma a zauren shari'a, inda kowa ke ji.

Dabara ta biyu ita ce yin afuwa, wadda aka fara a 2004: kamfanin da ya riga tona asirin haɗin baki, a yafe masa tara. A ƙarshen 2006 masu rarraba burodi a lardin Western Cape suka kai kuka cewa manyan gidajen burodi sun ƙara farashi a lokaci guda. Kamfanin Premier ya fallasa abokan ƙullinsa. Aka ci Tiger Brands tarar kusan Rand miliyan 99 a 2007, Pioneer Foods kuma, wanda ya zaɓi jayayya, ya biya fiye da miliyan 195 a 2010. Haka kuma a 2013 kamfanonin gine-gine 15 suka amince da tarar Rand biliyan 1.46 saboda maguɗin kwangiloli, har da na filayen gasar cin kofin duniya ta 2010.

An gwada tsarin sosai a 2011, sa'ad da Walmart ya nemi sayen Massmart. Ministoci uku suka ƙalubalanci amincewar da majalisar ta yi, kotu ta saurare su, sannan a 2012 ta bar cinikin ya tabbata bisa wasu sharuɗɗa.

Nijeriya ba ta sami cikakkiyar dokar gasa ba sai 2019. Ma'aikatan da aka ɗora wa aiwatar da ita suna da abin koyi a nan: mai kamun ƙafa ya fi ƙarfi inda mutum ɗaya ke yanke hukunci a asirce.