Me Ke Ƙona Moto? Tarihin Gyaran Injin Lantarki Daga Landan Zuwa Gusau

Fankar ɗaki, injin markaɗe da sumon da ke turo ruwa daga burtsatse duk abu ɗaya ke juya su: injin lantarki, wanda masu gyara ke kira moto. Idan ya tsaya, mu dai mukan ce "ya ƙone", sai a kai wa mai naɗin koyil. To amma me ya ƙona shi? Amsar tana da tarihi, kuma saninta kan hana mutum biyan kuɗin gyara sau biyu.

A 1821 ne Michael Faraday ya nuna a Landan cewa wutar lantarki da maganaɗisu za su iya juya waya. Irin moton da ya cika masana'antu kuwa ya zo ne daga baya: Nikola Tesla ya yi rajistar nasa a Amurka a 1888, sannan Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ya ƙera mai layin wuta uku a Jamus a 1889. Ƙirarsa ba wuya. Akwai wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin da ba ya motsi, akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa a tsakiya, sai boris biyu da ke riƙe da shi. Wayar kuma an shafe ta da siririn fenti don kada zare ya taɓa zare. Ran moto yana jikin wannan fentin.

Tun a 1889 Sydney Evershed a Ingila ya fito da na'urar gwada lafiyar rufin waya, wadda aka sani da Megger. Har yau ita ke gaya wa mai gyara ko wuta na zurarewa daga koyil zuwa jikin ƙarfe.

Gusau kuwa auduga da gyaɗa ne suka jawo mata injuna. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka samu matsar man gyaɗa, sai masaƙar Zamfara a shekarun 1960. Masana'anta irin wannan ba ta rabuwa da masu kula da moto. Da wutar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta yaɗu zuwa garuruwa irin su Tsafe da Bungudu, sai moto ya fita daga masana'anta ya shiga shago da gida, sana'ar gyaransa ma ta dawo bakin titi.

Abin da injiniyoyi suka gano tsawon waɗannan shekaru shi ne zafi ke kashe moto. Ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin zafi na digiri 10 sama da ƙima yana rage rabin rayuwar fentin waya. Galibin moto an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, mu kuma a Maris da Afrilu mun san inda zafi ke kaiwa. Ga ƙurar hunturu da garin niƙa da ke toshe hanyar iska.

Sai matsalar wuta. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, moton da ke ɗauke da kaya yana ƙara jan wuta don ya cika aikinsa, sai ya yi zafi. Mai layi uku kuma, idan fis ɗaya ya tashi a taransifoma, ba tsayawa yake yi ba. Sai ya ci gaba da juyawa a kan layi biyu yana gurnani har ya toye.

Ba kullum ne laifin wuta ba. Binciken da aka yi a masana'antun Amurka a shekarun 1980 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na lalacewar manyan moto daga boris take farawa. Boris ya ci, ƙarfen tsakiya ya fara gogar jiki, daga nan koyil ya bi.

Ka ga ke nan gwanin gyara ba ya fara da warware waya. Zai juya sandar da hannu ya saurara: ƙara ko cijewa, boris ne. Fanka ko ƙaramin famfo da ke huci amma ba ya tashi sai an tura shi, sau da yawa kwandansa ce ta mutu, kuma canjinta bai kai kuɗin naɗi ba. Zai auna layukan wuta ya ga ko sun daidaita. In ya buɗe, koyil ɗin kansa shaida ne: ya yi baƙi ko'ina bai ɗaya, kaya sun yi yawa ko wuta ta yi ƙasa, wani sashe ƙurmus wani garau, layi ɗaya ne ya ɗauke, tabo wuri guda, fenti ne ya fashe a nan.

Sabon naɗi yana gyara ɓarna ne kawai, ba ya kawar da sanadinta. Don haka kafin ka biya, ka tambayi mai gyara abin da ya ƙona moton. In wuta ce, sa makarin da ke yanke ta idan ta yi ƙasa ko layi ya ɗauke. In boris ne, a canza shi tare da naɗin. In ƙura ce, a riƙa share bayan injin duk mako.