Shan Magani a Farkon Ciki: Nazari Daga Ƙasar Arewa

Halittar ɗa a ciki tana da lokacinta. Tsakanin mako na 3 da na 8 bayan shigar ciki ake tsara zuciya da leɓe da gaɓoɓi, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka kuwa yana rufewa wajen kwana na 28. Maganin da zai ɓata halitta, galibi a wannan ɗan tsakanin yake ɓarnarsa. Duniya ta san haka da thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, har da masu laulayi suna sha, aka janye shi a 1961 bayan an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu ba su kammala ba.

Sai mu auna wannan lissafi da rayuwa a Tibiri, ta jihar Doso nake nufi, ba Tibirin Gobir ba. A makonnin nan mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. In ta tabbatar, kunya ba ta barinta ta faɗa, balle cikin fari. Jiri da amai da mutuwar jiki sai a kira su masassara, a aiki yaro wajen mai tallar magani. Shi kuma kala yake sayarwa, ba suna ba: "ja da rawaya biyu, fari ɗaya," a ƙulle a leda, ba takarda, ba tambaya. Tun 2006 Nijar ta mai da awon ciki kyauta, amma mata da yawa sai ciki ya fito suke zuwa cibiyar lafiya ta CSI, lokacin da aikin gama ya riga ya gama.

Ba kowace ƙwaya ce ke nakasa ɗa ba, kuma haɗarin bai zo ɗaya ba. Mafi nauyi a cikin waɗanda ake samu shi ne valproate, maganin farfaɗiya da aka sani da Dépakine: kusan ɗa 1 cikin 10 na zuwa da tawayar halitta, ciki har da buɗaɗɗen baya. Misoprostol, in an sha don zubar da ciki bai zube ba, an danganta shi da shanyewar jijiyoyin fuska. Tetracycline na rina haƙoran jariri, ibuprofen da diclofenac kuwa daga mako na 20 suna iya taɓa ƙodarsa.

Tsoron magani ma yana kisa. Mai farfaɗiya da ta yar da maganinta kwatsam ta jefa rai biyu cikin haɗari. Likita ne zai canza mata, tun kafin ciki in da hali. Zazzaɓin cizon sauro da ba a magance ba ya fi maganinsa illa, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da artemether-lumefantrine a watanni ukun farko. Fansidar na rigakafi ne ake jinkirtawa sai mako na 13.

A ganina, gyaran yana gabanin awo, ba cikinsa ba. Folic acid, mikrogram 400 a kullum, sai an fara shi kafin ciki yake kare laka, alhali ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da shi a ranar awo ake miƙa ta. Ya kamata ma'aikacin lafiya a Tibiri ko Dogon Dutsi ya tambayi duk macen da ta kai shekarun haihuwa yaushe rabonta da ganin wata kafin ya rubuta mata komai, a keɓe, ba gaban uwar miji ba.