Shehu Abdullahi: Ɗan wasan bayan da ya zaga ƙasashe biyar ya dawo Kano Pillars

Shehu Abdullahi ɗan ƙwallon ƙafa ne haifaffen birnin Sakkwato, wanda ya yi suna a matsayin mai tsaron baya ta ɓangaren dama, ko da yake masu horarwa sun sha tura shi tsakiyar fili. An haife shi ranar 12 ga Maris, 1993. Yana cikin 'yan wasa ƙalilan daga Arewa da suka taso daga gasar cikin gida har suka taka leda a Gasar Kofin Duniya, ba tare da sun bi ta wata makarantar horar da yara ta Turai ba.

Tasowarsa a gasar cikin gida

Bayan ya buga wa Plateau United ta Jos, Shehu ya koma Kano Pillars a daidai lokacin da tauraruwar ƙungiyar ke haskawa. Sai Masu Gida sun lashe gasar firimiyar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, kuma a wannan zamani ne aka san shi a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

A 2013 ya shiga tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je gasar duniya a Turkiyya. A farkon 2014 kuma marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke bugawa a ƙasashensu kaɗai ke shiga. A can ne Najeriya ta farke ƙwallo uku da Maroko ta zura mata, ta yi nasara da ci 4-3, daga bisani ta kammala a mataki na uku.

Ci-rani a ƙasashen waje

Daga Kano ya wuce Qadsia ta Kuwait, sannan União da Madeira ta Portugal, sai Anorthosis ta tsibirin Cyprus. A farkon 2018 ya koma Bursaspor ta Turkiyya, inda ya ɗanɗani ɗacin faɗuwar ƙungiyar zuwa rukuni na biyu a 2019. Ya sake komawa Cyprus, ya lashe gasar ƙasar tare da Omonia a 2021, kafin ya ɗan taɓa zama a Levski Sofia ta Bulgeriya.

Babu ɗaya daga waɗannan ƙungiyoyi da ke cikin manyan gasanni biyar na Turai da ake kallo a gidajen kallon ƙwallo daga birnin Kano har zuwa garuruwa irin su Rimin Gado. Sai dai irin wannan hanya ita ce wadda akasarin 'yan wasan da suka fito daga gasar Najeriya ke bi: gajerun kwantiragi, sauyin ƙasa da harshe a kai a kai, da neman wurin da albashi zai riƙa zuwa a kan kari.

Lambobin tagulla uku

A gasar Olympics ta Rio a 2016, tawagar Samson Siasia ta maƙale a birnin Atlanta na Amurka saboda matsalar jirgi, ba ta isa Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko. Duk da haka ta doke Japan da ci 5-4. Jamus ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta ci Honduras 3-2. Tagullar da Shehu da abokansa suka samo ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta dawo da ita daga Rio.

A babbar tawagar Super Eagles, ya samu gurbi a hannun Gernot Rohr, wanda shi ma tsohon ɗan wasan baya ne a Bordeaux ta Faransa, kuma ya taɓa horar da tawagar Mena ta Nijar. Ranar 7 ga Oktoba, 2017, a birnin Uyo, Shehu ne ya kutsa ta dama ya miƙa wa Alex Iwobi ƙwallon da ya zura wa Zambiya. Wannan ci ɗaya ya sa Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin zuwa Rasha.

A Rasha, da shi aka fara wasan farko da Kuroshiya ta ci Najeriya 2-0. Bayan nan Rohr ya sauya tsari zuwa masu tsaron baya uku, lamarin da ya raba Shehu da gurbinsa. Ya sake shiga tawagar da ta je Gasar Kofin Afirka a Masar a 2019, inda Najeriya ta doke Tunisiya ta zo ta uku. Idan aka haɗa da ta CHAN da ta Rio, tagulla uku ke nan cikin shekara biyar.

Komawa gida

Kano Pillars da Shehu ya dawo ya tarar ba ita ce wadda ya bari ba. Ƙungiyar, wadda mallakin gwamnatin Jihar Kano ce, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta sake haurowa a 2023. Dawowarsa, tare da ta Ahmed Musa a 2024, ta sake janyo hankalin jama'a ga gasar cikin gida.

Amma akwai tambayar da tarihinsa ya bari a gaban mahukunta. Mafi yawan ƙungiyoyin gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, kuma ƙorafin jinkirin albashi da alawus ya daɗe yana bin su. Shehu ya bar gida yana ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ya kashe mafi kyawun shekarunsa a waje, ya dawo da ƙwarewa lokacin da ƙarfi ya fara ja baya. Muddin ba a gyara yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin nan ba, matashin da ke buga ƙwallo a filin makarantar firamare a karkarar Kano zai ci gaba da ɗaukar gasar ƙasarsa a matsayin zango kawai, wurin da ake yada zango kafin a kama hanya.