Yadda anza ta samu sunan Bature

Yaro ya taso daga Alakos ya shiga kolej a Gure. Ranar da malami ya rubuta Boscia senegalensis a allo, sai ya kwafe, ya haddace, ya ci jarrabawa. Bai taɓa sanin anza ake nufi ba, wadda uwarsa ke jiƙawa kwana da kwanaki tana zubar da ruwan ɗacin idan rumbu ya yi ƙasa. Laifin ba na yaron ba ne.

Wannan tsarin suna ya kafu ne a 1753, lokacin da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da littafinsa Species Plantarum. Kowane tsiro suna biyu da Latin: na farko na dangi, na biyu nasa na kansa. Kalmomin kuwa ba su da wani sirri. Lalo shi ne Corchorus olitorius, kuma olitor a bakin Rumawa mai lambu ne kawai. Oleifera da ke jikin sunan zogale na nufin mai ba da mai. Kuɓewa, Abelmoschus esculentus, rabin sunanta ma daga Larabci aka aro, daga kalmar miski, ɗaya rabin kuma "abin ci".

Inda abin ke min ciwo shi ne sunayen mutane. An raɗa wa kuka Adansonia saboda Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749. Ɗorawa ta zama Parkia saboda Mungo Park. Anza ta ɗauki sunan Louis Bosc. Barth, wanda ya ratsa Gure a ƙarshen 1852 kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, shi ma ya samu rabonsa a shinkafar daji, Oryza barthii. Matan da suka gano yadda ake kashe ɗacin anza, ko ɗaya ba ta shiga littafi ba.

Duk da haka ban ce a yar da Latin ba. Abin da wani gari ke kira yakuwa, wani sure yake ce masa, amma Hibiscus sabdariffa ɗaya ne ko a ina. Wani likita, J. M. Dalziel, ya jera sunayen Hausa gefe da gefe da na Latin tun 1916 a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary. Aikin da ya rage wa malami kaɗan ne: ya sa yara su tsinko ganyen, su tambayo kakanninsu sunansa da Hausa ko Barbarci, sannan ya ɗauki alli.